Yadda Ake Tattara Hujja da Kai Koke Idan Warin Wurin Sarrafa Shara Ya Addabi Unguwa

Duk wanda gidansa ke kusa da wurin da ake narka roba, ko filin da motocin yashe masai ke juye kayansu, ko wurin 'yan gwangwan da ke ƙona wayoyin lantarki don fitar da tagulla, ya san irin daren da ake kwana da tagogi a rufe cikin zafin bazara saboda abin da iska ke kawowa. Na shafe shekaru ina taimaka wa maƙwabta da 'yan'uwa a shiyoyi daban-daban na birnin Sakkwato wajen kai irin wannan kuka gaban hukuma, kuma abin da ya fi kayar da mu a farkon al'amari shi ne cewa wari ba ya fitowa a hoto. Jami'i yakan zo da hantsi, lokacin da aka riga aka kashe wuta, iska kuma ta kwashe hayaƙin dare, ya zagaya ya shaƙa, sannan ya koma ofis ya rubuta cewa bai tarar da wani abin damuwa ba. Bai yi ƙarya ba, abin da ya tarar ke nan. Saboda haka aikin da ke gaban mutanen unguwa shi ne su mayar da abin da hancinsu ke ji ya zama rubutu mai rana da lokaci, wanda gidaje da yawa suka shaida, ta yadda ko wanda bai taɓa kwana a unguwar ba zai karanta ya gane.

Kayan da za a tanada

Abu na farko shi ne littafin rubutu mai kaurin bango, ɗaya ga kowane gida da zai shiga aikin, tare da biro. Kada a yi amfani da fensir ko fallen takarda, domin abin da ake iya gogewa ko a cire daga tsakiya ba ya da nauyi a idon mai bincike. Sai waya mai ɗaukar hoto wadda aka daidaita ranarta da agogonta. Sai sanda doguwa da ƙyalle marar nauyi da za a ɗaura a kanta don gane inda iska ta fito. Ana kuma bukatar jakar fayil ta roba da za a adana takardu, da ɗan kuɗin buga takarda da yin kwafi. Idan ana zargin ruwan rijiya ya gurɓace, za a nemi kwalaben ɗaukar ruwa daga ɗakin gwajin da za a kai, da ƙaramar kula mai ƙanƙara, da safar hannu ta roba.

Wanda ba shi da babbar waya kada ya fasa, littafin ne ginshiƙin aikin. Gidan da babu mai rubutun boko, a rubuta da ajami, daga baya a juya a haɗa da asalin. Na ga littafin wata dattijuwa da jikanta ke rubuta mata kullum bayan sallar Asuba, kuma ya fi na mutane da yawa masu takardun makaranta tsari.

Mataki na 1: A haɗa gidaje kaɗan masu juriya

Ba a bukatar taron unguwa gaba ɗaya tun farko. Gida biyar zuwa takwas sun isa, muddin ba a jere suke a layi ɗaya ba: wasu na kusa da wurin, wasu na nesa kaɗan, wasu ta gabas, wasu ta yamma. Lallai a sa mata a ciki, saboda su ne ke wuni a gida, su ne suka san lokacin da shanya ta yi baƙi da toka da lokacin da yaro ya fara tari. A zaɓi mutum ɗaya mai sanyin rai ya riƙe fayil. Wanda yake da tsohuwar rigima da mai wurin, ta fili ko ta kuɗi ko ta siyasa, a roƙe shi ya tsaya a baya, domin da zarar sunansa ya fito a kan takarda za a ce gaba ce ta kawo koken.

Mataki na 2: A buɗe littafin wari

Nan ne mafi yawan aikin yake, nan ne kuma mutane suka fi gajiya. A ja layuka a kowane shafi domin abubuwa bakwai: rana, lokacin da warin ya fara, lokacin da ya ɗauke, irinsa, ƙarfinsa, inda iska ta fito, da abin da ya jawo a cikin gida.

Wajen faɗin irin warin, a guji rubuta "wari mai tsanani" kawai. Hausa tana da kalmomin da suka bambance su, kuma kowace tana nuna wa masani inda zai duba. Ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai yakan fito daga bahaya ko ruwan da ya kwanta ya ruɓe ba tare da iska ta ratsa shi ba. Zarni mai yaji a ido da hanci yakan nuna fitsari, ko kashin kaji, ko tarin taki mai jiƙa. Ƙauri mai kama maƙogwaro na roba ne ko taya ko waya da ake ƙonawa. Ƙarni kuwa na jini ne da tarkacen mayanka. Idan akwai hayaƙi a rubuta launinsa, baƙi ne ko fari, da kuma ko yana barin toka a kan kwano da tufafi.

Ƙarfin wari kuma a auna shi da rayuwar gida, domin hancin kowa daban ne. Ma'aunin da muke amfani da shi daga 1 ne zuwa 5. Lamba 1 ita ce sai an kula kafin a ji. Lamba 2, ana jin sa sosai a ƙofar gida. Lamba 3, ya shigo har cikin ɗaki. Lamba 4, ya tilasta rufe tagogi, ko ya hana cin abinci ko kwana a tsakar gida. Lamba 5, ya sa amai, ko ciwon kai, ko ya kori mutane daga gidan. A zauna tare a ranar farko a amince da wannan ma'auni, don kada 3 ɗin wani gida ta zama 5 a wani.

Sanin inda iska ta fito ba shi da wuya a wurin mai salla, tunda kowa ya san gabas. A kafa sandar a kan katanga ko soro inda babu abin da ya tare ta. Idan ƙyallen ya karkata yamma, iskar daga gabas take. A Sakkwato iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, shi ya sa gidajen da ke kuka a watan Janairu sau da yawa ba su ne ke kuka a watan Agusta ba. Akwai kuma dalilin da ya sa wari ya fi tsanani tsakanin tsakar dare da Asuba, musamman da sanyi: iskar da ke kusa da ƙasa takan yi sanyi ta kwanta, ta riƙe hayaƙi a daidai tsayin gidaje, sai rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama sannan ya tashi sama. Wannan bayani kaɗai ya isa ya amsa wa mai cewa ya zo da rana bai ji komai ba.

Ga misalin yadda layi ɗaya yake kasancewa: "Talata, ƙarfe 1:20 na dare zuwa bayan Asuba, ƙaurin roba da baƙin hayaƙi, lamba 4, iska daga gabas, mun kwashe shimfiɗa mun koma ɗaki, ƙaramin yaro ya yi tari har safe."

Kurakurai uku ne ke lalata littafi. Na farko, a bar shi kwana biyar sannan a zauna a cike daga ka, wanda mai bincike yakan gane daga biro ɗaya da hannu ɗaya da lokutan da duk suka faɗa daidai kan awa. Na biyu, gidaje su riƙa kwafar na juna. Ƙaramin saɓani tsakanin littattafai alama ce ta gaskiya, tunda iska ba ta isa kowane gida lokaci guda. Na uku, kuma shi na fi jan kunne a kai, a ƙi rubuta ranakun da babu wari. A rubuta "yau babu komai" a duk ranar da babu. Waɗannan ranaku ne ke nuna cewa idan wurin bai yi aiki ba, kamar ranar Juma'a ko kwanakin Salla, unguwa takan huta, kuma babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi. A yi mako huɗu ana rubutu kafin a ɗaga murya, in an samu shida ya fi.

Mataki na 3: A tabbatar da inda warin ke fitowa

Kada a ɗauka an riga an sani. A daren da warin ya yi ƙarfi, mutum biyu su fita da tocila, su bi hanyar jama'a su zagaya wurin da ake zargi. Idan a ɓangaren da iska ke fitowa babu wari, amma a ɓangaren da take nufa akwai, to tushen yana tsakani. Idan kuwa warin na nan tun kafin a iso wurin, akwai wani tushe a gaba, sai a ci gaba da binsa. A maimaita wannan sau uku a darare daban-daban, a zana ƙaramar taswira a bayan littafi mai nuna wurin, da gidaje, da masallaci, da makaranta, da rijiyoyi, da hanyar da ruwan kwata ke bi.

Mun taɓa shirya takarda tsaf a kan wani mai niƙa roba, sai zagayen dare ya nuna mana cewa rabin ɗoyin daga wani kwalbati ne da ya toshe, inda mu kanmu mutanen unguwa muke zuba shara. Da mun kai takardar a haka, da jami'in farko da ya zo ya nuna mana kwalbatin ya tafi. Sai da muka yi gayya muka yashe shi, sannan abin da ya rage na ƙaurin roba ya fito fili, babu mai musu.

A nan akwai gargaɗin da ya shafi rai. Kada kowa ya tsallaka katangar wani, kada kuma a leƙa ko a shiga rami, ko tankin bahaya, ko sokawe domin ɗaukar hoto. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasan rami, kuma idan ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Tana iya sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama.

Mataki na 4: Hoto, ruwa da takardun asibiti

A ɗauki hoton abin da ido ke gani: hayaƙi, ruwan da ke malalowa ta ƙarƙashin katanga, tankar da ke juye bahaya a fili, tokar da ta sauka a kan kwano. A tsaya a kan titi ko a cikin gidan kai, a sa wata alama da aka sani a cikin hoton, kamar hasumiyar masallaci ko turken wuta, sannan a fara bidiyo da faɗin rana da lokaci da baki. A guji fuskokin ma'aikata, yawancinsu yara ne masu neman na abinci, kuma sun fi kowa shaƙar abin da ake kuka da shi. Kada a goge asalin hoton daga wayar da ta ɗauka, domin wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanan rana da lokaci da ke ɓoye a cikinsa.

Idan ruwan rijiya ko na burtsatse ya canza launi ko ɗanɗano, a je ɗakin gwaji kafin a ɗebi ruwan, a karɓi kwalbarsu da umarninsu. Ana iya tambaya a hukumar ruwa ta jiha, ko a sassan kimiyya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ruwan da za a duba ƙwayoyin cuta a cikinsa ana sa shi a kula mai ƙanƙara a kai cikin awa shida. A rubuta sunan rijiya da rana da lokaci a jikin kwalba, a kuma ɗebo na wata rijiya mai nisa domin kwatantawa. A auna tazarar rijiyar daga ramin ƙazanta, tunda abin da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa shi ne kada ta gaza mita 30. Idan kuɗin gwaji ya gagara, a haɗa karo-karo a gwada rijiya ɗaya wadda ta fi kusa, ko a rubuta a cikin koken cewa ana roƙon hukuma ta ɗebi ruwan da kanta.

Wanda ya yi rashin lafiya ya je asibiti, ya faɗa wa likita abin da yake shaƙa, ya adana kati da takardar magani. A cikin koke kuwa kada a rubuta cewa wurin ne ya sa wa wane asma, wannan hukuncin likita ne. A rubuta abin da aka gani, wato tarin yakan tashi a dararen da littafi ya nuna lamba 4 ko 5.

Wuri ɗaya ne ba na yarda a jira mako huɗu a kansa: inda ake fasa tsofaffin batura ana narka dalma. Dalma ba ta da warin da zai gargaɗi mutum, ƙurarta takan bi tufafi da takalma ta shiga gida, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Idan irin wannan sana'a ce a kusa, a sanar da hukuma nan da nan, a kuma nemi a gwada jinin yaran.

Mataki na 5: A zauna da mai wurin

Da yawa sukan so su tsallake wannan, ni kuwa a nan na fi ganin an samu biyan bukata. A fara da mai unguwa, a nuna masa littattafan, a roƙe shi ya kira zama a ƙofar gidansa tare da limamin shiyya. Idan abin ya fi ƙarfinsa shi zai kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa. Mutum uku sun isa su wakilci unguwa, kuma dattijo ne zai buɗe magana. Yadda aka fara ita ce ke yanke yadda za a ƙare. Abin da na ji ya fi shiga shi ne irin wannan: "Alhaji, mun san wurin nan abincin mutane da yawa ne, kuma shara da kuke kwashewa tamu ce. Ga abin da iyalanmu ke kwana da shi, mun rubuta, muna so ka duba da idonka."

Liman zai tuna wa kowa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan hana maƙwabci abin da ke cutar da maƙwabcinsa na hayaƙi da wari, har sukan buga misali da warin majema, sana'ar da Sakkwato ta sani tun kaka da kakanni. Mai wurin da zai iya yi wa takardar gwamnati gardama yakan ji nauyin wannan a gaban mutanen da yake salla da su.

Kada a je da buƙata ɗaya tak ta a rufe wurin. A je da abubuwan da mutum zai iya yi a cikin mako biyu ko wata guda, gwargwadon sana'arsa: a daina ƙona tarkacen da ya rage a fili, a kai shi jujin da hukuma ta ware, a ɗaga bututun hayaƙi ya wuce rufin gidajen kusa, a daina aikin narka da dare, a rufe ramin ruwan wanki da murfi, a daina sakinsa cikin kwata, a riƙa rufe sabuwar shara da ƙasa kullum da yamma, mai tara taki ya riƙa juya shi yana haɗa shi da busasshen abu kamar ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, tunda jiƙa da rashin iska ne ke sa shi ɗoyi, motocin bahaya su daina juyewa kusa da gidaje da hanyar ruwa. A rubuta abin da aka amince da ranar da za a cika, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya riƙe kwafi. Idan an miƙo kuɗi da sunan na goro ko na gyaran masallaci, a yi godiya a mayar. Ranar da aka karɓa bakin unguwa ya mutu.

Mataki na 6: A rubuta takardar koke

Idan wa'adi ya cika babu canji, ko mai wurin ya ƙi zuwa, sai takarda. Kada ta wuce shafi ɗaya da rabi. A rubuta ta da Turanci saboda fayil ɗin ofis, amma a karanta wa masu sa hannu fassararta da Hausa kafin kowa ya dangwala. Ta ƙunshi su wane ne ku, ina wurin yake da kwatance mai kyau, wace sana'a ake yi, tun yaushe, sannan taƙaitaccen abin da littafi ya nuna da lambobi, misali a cikin kwana nawa aka yi rubutu, a nawa aka ji wari, a nawa ya kai lamba 4. A ambaci zaman sulhu da ranarsa. A ƙarshe a faɗi abin da ake roƙo: a zo a duba a lokacin da littafi ya nuna warin ya fi ƙarfi, a bincika ko wurin yana da izinin yin wannan sana'a a cikin gidajen zama, a kuma ba da amsa a rubuce.

Layi biyu na doka sun wadatar. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, da ruwa da iska da ƙasa. Akwai kuma ƙa'idojin tarayya na tsabtar muhalli da kula da shara na 2009, da dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992, wadda ta shafi manyan wuraren sarrafa shara. Kada a sa zagi, kada a kira kowa azzalumi, kada a rubuta abin da ba a gani da ido ba. A haɗa da kwafin littattafai, da taswira, da hotuna huɗu ko biyar. Asalin littattafan ba ya barin hannun masu shi.

Mataki na 7: A kai, a karɓi shaida, a bibiya

Wuri na farko shi ne sashen duba-gari na ƙaramar hukumar da wurin yake, ko Sakkwato ta Arewa ce, ko ta Kudu, ko Wamakko, ko Dange Shuni, ko Kware, domin birnin ya bazu zuwa cikinsu, kuma akan yi kuskuren kai takarda ƙaramar hukumar da ba ita ke da wurin ba. A kai kwafi ga hukumar kare muhalli ta jiha, wato SEPA, da ma'aikatar muhalli. Idan maganar ta shafi gina masana'anta a tsakiyar gidaje, hukumar tsara birane ta jiha ma ta samu nata. Idan akwai sinadarai, ko batura, ko sharar asibiti, ko ƙonawa mai yawa, a kai wa ofishin NESREA, hukumar tarayya da aka kafa a 2007 domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli.

A kowane ofis a je da kwafi biyu, a miƙa ɗaya a wurin karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimi da rana a kan ɗayan a dawo da shi fayil. Takardar da aka miƙa wa wani a bakin ƙofa domin ya sa baki, ba tare da hatimi ba, daidai take da wadda ba a rubuta ba. Mun taɓa yin wata biyu muna jiran amsar takardar da ashe ba ta taɓa shiga rajista ba. Bayan kwana goma a koma, a tambayi teburin da take, a rubuta ranar da aka je da abin da aka ce. A riƙa zuwa da fara'a da girmamawa. Ƙaramin ma'aikacin da ke ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur yana iya yi muku amfanin da babba ba zai yi ba.

Ranar da jami'ai za su zo, mutum biyu su tarbe su da littattafai, a kai su gidan da abin ya fi shafa, a nuna musu bakin kwata da tokar kan rufi. Kada a tara matasa. Idan an ba mai wurin takardar gargaɗi mai wa'adi, a tambayi ranar cikarsa a rubuta.

Mataki na 8: Idan an ji shiru

Bayan wata guda a rubuta tunatarwa mai ɗauke da ranar takardar farko da sabon lissafin littafi. Idan har yanzu shiru, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda ke aiki tun 1975, aikinta ne bin kadin ofishin da ya ƙi yin abin da ya kamata, kuma ba a biyan ko kwabo. Hukumomin tarayya kuma ana iya neman bayani a wurinsu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa. Shirye-shiryen rediyo da ake kiran waya suna da tasiri a Sakkwato, amma wanda zai yi magana ya tsaya kan abin da ke cikin littafi, ya ambaci unguwa da irin matsalar, ya bar sunan mutum. Haka ma a Facebook, inda kalma ɗaya ta zargi marar hujja ke iya juyar da mai ƙara ya koma wanda ake ƙara saboda ɓata suna. Kotu ce ta ƙarshe, kuma sai da lauya. Lauyan da aka kai wa fayil mai littattafan wata uku da kwafi masu hatimi ya samu rabin aikinsa a gama. Rufe hanya, ko fasa ƙofa, ko taɓa injin wani kuwa, yana rusa duk abin da aka tara a yini ɗaya.

Kafin gyara ya zo

A rufe tagogin ɓangaren da iska ke fitowa a lokutan da littafi ya nuna, a buɗe na ɗaya ɓangaren. A mayar da jarirai, da tsofaffi, da masu asma ɗakin da ya fi nisa. A rufe randa da abinci, a share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a wanke hannun yara kafin cin abinci. Takunkumin yadi ba ya tare iskar gas, kuma turaren wuta ƙarin hayaƙi ne a ɗakin da aka rufe. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire dalma ko sinadari, don haka rijiyar da ake zargi a bar shan ta har sakamako ya fito.

Idan kuma an yi gyaran, wari ya ɗauke, kada a rufe littafi nan take. A rage zuwa gida biyu, ɗaya ta kudu maso yamma da wurin, ɗaya ta arewa maso gabas, su ci gaba da rubutu har iska ta juya daga ta hunturu zuwa ta damina, ko daga ta damina zuwa ta hunturu. Ramin da ya yi shiru da rani yana iya cika ya malalo a ruwan Agusta, bututun da ya wadatar da damina kuma yana iya gazawa a sanyin Disamba. Idan an ga haka, a koma wurin mai unguwa da takardar da aka sa wa hannu da sabbin shafukan, a nemi zama na biyu.